Kofin Baba Vern

Goggo Marlys, ki taimake ni, kaina ya kulle. Tun da muka dawo daga hutun bazara nake juya magana ɗaya a raina, na kasa gane ko laifi na yi ko alheri.

Dangin mijina suna da al'ada tun kafin a auro ni. Duk watan Yuli mukan tattara mu tafi filin shaƙatawa na gundumarmu da ke bakin tafki, mu kafa tantuna a wurin da surukina, Baba Vern, yake kama mana tun ranar da aka buɗe rajista a Janairu. Shi da matarsa Mama Arlene a tsohuwar tirelarsu ta kwana, ni da mijina Curt da yara a tanti, sai yayansa Dale da nasa iyalin. Sauro ya ci mu, mu ci tsiran gashi da cuku. Ranar Asabar kuma a yi zagayen ƙananan gidajen dafa giya na kewaye. Ni ba na sha, kurɓi ɗaya ke sa min ciwon kai, don haka ni ce direba. Ba a ma tambayata, mabuɗi kawai ake miƙo min. Baba a gaba kusa da ni saboda gwiwarsa, 'ya'yansa a baya suna musun ƙwallo.

Gidan da muke ƙarewa da shi na wata mata ce, Gretchen. Kin san irinsu, kowane tsohon abokin ciniki da kofinsa na tangaran rataye a ƙugiya saman kanta. Na Baba ruwan ƙasa ne, hannunsa ya taɓa karyewa aka liƙe.

Bara waccan, mazan sun sauka sayen ƙanƙara, sai Baba ya juyo ya ce min, "'Yata, likita ya ce hantata ta gaji. Ki raɗa wa Gretchen ta riƙa zuba min baƙin lemon nan na yara a kofina. Kumfa dai kumfa ce." Na ce, Baba, ba za ka faɗa musu ba? Ya ce in ya faɗa, Curt zai daina sha don tausayi, Dale kuma ya riƙa kallonsa kamar gawa. "Ki bar min Asabar ɗina," in ji shi. To Goggo, me zan ce wa dattijo? Na yi yadda ya ce. Ni a ganina ma taimakonsa na yi.

Ya rasu a Fabrairun da ya wuce, bayan ya riga ya kama mana wurin, sai Mama ta ce dole mu je. Muka je. A gidan Gretchen kuwa ƙa'ida ce, in mai kofi ya rasu sai a sauke shi, a cika shi da abin da mamacin ya saba sha, ya zagaya iyali, sannan a faɗi wanda zai gaji ƙugiyar. Gretchen ta cika, ba ta tambayi kowa ba. Dale ne babba, ya ɗaga kofin idonsa jawur, ya kurɓa, sai ya tsaya cak. Ya ce, "Gretchen, wasa kike da mu? Lemon yara a kofin ubana?" Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka kowa ya sani. Ta ce ai shi yake sha tun bara waccan, ta nuno ni da haɓa, ta ce su tambayi direbarsu. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kafin in buɗe baki Mama, wadda ta biyo mu a ranar, ta ƙarasa aikin, ta ce Vern ya bar wasiyya ni za a ba kofin.

Dale ya yi wata dariya mara daɗi, ya ce, "Wadda ko warin giya ba ta so ita ce magajiya. Mu ashe 'yan rakiya ne." A hanyar komawa ba wanda ya yarda ya zauna a gaba. Kafin a soya kifin yamma Dale ya kwance tantinsa ya tafi. Da safe ina wanke tukwane a bakin famfo, Curt ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Me kuma kika sani game da ubana wanda ni ban sani ba?" Na ce ba komai. To me na sani? Surutun tsoho ne a hanya, su suna barci a baya. Baba ya taɓa ce min Curt ne kaɗai ke ɗaure ƙugiyar kifi irin na kakansa. Ya ce rabonsa da barci mai daɗi tun da aka sallami Dale daga aiki, amma bai san yadda zai fara masa maganar ba. Irin waɗannan dai.

Yanzu Curt na yi min magana, amma ta gishiri da kuɗin wuta. Dale ba ya ɗaukar wayata. Kofi na can a rataye da sunana a ƙarƙashinsa, ni ban san me zan yi da shi ba. Girmama ni Baba ya yi ko jefa ni ya yi a wuta? Mama ma ta san ciwon, me ya sa ni kaɗai ake hara? Janairu na matsowa, kuma in ba wanda ya kama wurin nan, wasu za su kama, taron gidan nan ya watse ke nan. In na kama, a ce na maye gurbin uba. In ban kama ba, a ce ni na kashe al'ada. Ina tsoro, Goggo, kuma ina kewar tsohon nan.

Direbar Gida, daga Wisconsin

'Yata Direba,

Ki kwantar da hankalinki, ba ki ci amanar kowa ba. Mutum mai hankalinsa ya zaɓi yadda zai yi da ciwonsa, ya roƙe ki sutura, kika yi masa. Wannan alheri ne.

Amma ki dubi ɓangarensu. Bazara biyu suna ɗaga kofi da ubansu suna dariya, ba su san ban kwana ake yi ba. Ke kin sani, mai gidan giya ta sani, su 'ya'yan cikinsa a gaban jama'a suka ji. Wannan da ciwo. Ba za su iya faɗa da mamaci ba, ba za su iya faɗa da uwarsu mai takaba ba, kuma inda fata ta fi laushi nan ake mai da jima. Ki roƙi Mama Arlene ta zauna da 'ya'yanta ta faɗi nata sanin da bakinta. Wannan kayan ba naki ba ne ke kaɗai.

Kofi kuwa ki bar shi inda yake. In kika miƙa wa Dale yanzu, sadaka zai gani, ya ƙara hawa. Godiya ce surukinki ya yi miki da abin da ya fi so, sai dai bai hango inda za ta faɗa ba. Wurin kwana ki kama shi ranar da aka buɗe, da sunan Mama. Ki aika wa Dale saƙo gajere cewa wurin tantinsa na nan, kada ki bi shi da roƙo.

Inda kika kuskure wuri ɗaya ne, a bakin famfo. Kin ɗauka tuhumarki Curt yake yi. Ni kuwa roƙo na ji. Yaron nan ubansa yake nema, ke kuma kina riƙe da ragowarsa kina ce masa surutun tsoho. Ɗaurin ƙugiyar nan da rashin barcin nan su ne gadon, kuma ba naki ba ne, ajiya aka ba ki. Na Dale ki adana masa har ya huce. Na Curt kada ya wuce Asabar ɗin nan.

Ki ɗauki mabuɗi, ki ce ya zo ku zaga bakin tafki. In ya nufi ƙofar baya, ki buɗe masa ta gaba, ki faɗa masa duk abin da aka faɗa a kan kujerar nan.

Allah ya jiƙan dattijo, ya haɗa kanku a Yuli.

Goggo Marlys