Tuwo a kwanon baƙi

Ɗanzomo, daren Laraba, Agusta 1976

Kwanana uku da dawowa hutu, har yanzu Inna ba ta bar ni na matsa kusa da murhu ba. Da yamma na ɗauki maburgi zan kaɗa miyar kuka, aikina tun ina 'yar shekara bakwai. Ta karɓe ta miƙa wa ƙanwata Ladi. "Zauna ki huta, 'yar makaranta, kada hayaƙi ya ɓata miki idon karatu." Ladi ta bar gudaji a miyar.

Sannan aka zuba mini tuwo ni kaɗai a kwanon baƙi, har da cokali. Ina jin su Ladi suna rigima kan ƙanzo, Inna tana yi musu tsawa. Tsawar nan nake tunawa a makaranta in barci ya ƙi zuwa.

Da suka shiga ɗaki, na ɗauke tukunyar tuwon da aka jiƙa, na ɓoye ta bayan rumbu. Da asuba ni zan wanke ta. Allah ya sa Inna ta leƙa ciki ta ce ban wanke da kyau ba.