Yatsa a Ƙarƙashin Mita

Laraba, bayan isha'i

'Yata Hadiza ta dawo daga lekol a fusace. An koya musu cewa kewayen da'ira ya ninka faɗinta sau 3,14, ita kuwa ba ta yarda ba. Na ɗauko mitar ɗinkina muka auna murfin tukunya, sai 3,3 ya fito. Faranti ma haka. Har na fara zargin malamarsu.

Sai ta ce, "Mama, me ya sa kike sa yatsa a ƙarƙashin mitar?"

Kunya ta kama ni. Na saba bar wa masu kawo ɗinki wurin numfashi, yau har tukunya na bar wa!

Gobe ita za ta riƙe mitar, ni in naɗe hannu. Sai mun ga 3,14 ɗin nan da idonmu.