Sunan da ke Ƙarƙashin Zubaida

Iskandariyya, Talata

Yaya Hazim,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Dalia da yara, yaya sanyin Kanada? Mu lafiya, jikin Baba ma da sauƙi.

"Zo ki ga amaryar kakanki, Dakta," da haka Usta Gabir kafinta ya tare ni jiya a wurin gyaran jirginmu na ruwa. In ya kira ni Dakta, to akwai magana. Sun ciro allon baya, wanda aka rubuta Zubaida da ruwan zinare, don su canja katakon da ya ruɓe. A ƙarƙashinsa akwai wani suna da aka sassaƙa da harafin Girkawa: Eleni.

Na ce ƙila sunan kamfani ne. Ya ce, "Sosai, kamfani mai kitso."

Ka san mutanen teku ba sa kankare sunan jirgi, wai yana jawo masifa. Kaka Mun'im ya ji tsoron teku, sai ya rufe sunan kawai. Ni kuwa har na buga ɗan littafin bikin mayar da jirgin cikin ruwa ranar Asabar, na zuba labarin yadda ya sa aka ƙera shi kyautar aure ga kakarmu Zubaida. Rubutun ya yi kyau ƙwarai.

Ƙanwarka,
Nermin

Alhamis

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Na sami Eleni. Na yi tambaya a cocin Girkawa, aka nuna mini gidan tsofaffinsu.

Ina faɗin sunana ta kama fuskata. "Jikar Mun'im! Wannan hancin ba ya ɓuya. Zauna, 'yata." Ta sa aka kawo gahawa.

Ashe Kaka matuƙin jirginsu ne. Lokacin da barin ƙasa ya zama dole ga babanta, ya bar masa jirgin amana, sai sun dawo. Ita kaɗai ta dawo, da daɗewa. Na ce mata jirgin yana nan, ranar Asabar za a yi bikin mayar da shi cikin ruwa.

"Ban taɓa nemansa ba," in ji ta. "Na ce talaka ina zai iya da jirgin katako, ga fenti ga tsutsa? Kar in kunyata shi. Ashe kun riƙe mini!"

Ta sumbaci hannuna, Yaya. Littafin yana cikin jakata a kan cinyata, na danne shi da ɗaya hannun.

Baba ya gama haddace jawabinsa, har da wurin da zai yi hawaye. Kai ne babba, amma na riga ka: daga ɗakinta na kira Usta na ce kar ya mayar da allon. Ka buga wa Baba waya kafin Asabar, ni na kasa faɗa masa.

Da na miƙe ta ce, "Ki zo ki ɗauke ni da wuri, zan sa farar rigata." Na ce to. Na ja mata ƙofa a hankali, na sauka.

Ka gaida Dalia.

Ƙanwarka,
Nermin