Ruwan da Aka Ɗebo wa Ladi

Gaya, farkon watan Rajab

Da sunan Allah mai rahama. Zuwa ga maigidana Malam Siddo, a Paraku.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai masaukinka, kuma ƙafar nan ta daina kumburi. Mu nan sai godiya. Jar akuya ta haihu, tagwaye.

Malam, wataƙila direbobin manyan motocin kamyo sun riga ni kai maka labari. Jirgin matan da ke komowa daga yankan shinkafa ya kife ƙasa da gada. Cikin waɗanda ruwa ya ci har da Hajara, matar maƙwabcinmu Jibo, Allah ya jiƙan ta. Ɗiyarta Ladi, mai zuwa karatu wurina da safe, masunta sun tsamo ta maƙale da ciyawar ruwa. Jikinta ƙalau, amma tun ranar ba ta ce uffan ba. An kai ta wurin likita, ya haska maƙogwaronta, ya ce bai ga kome ba.

Jibo yana Kumasi, don haka magana tana hannun uwarsa, Iya Ajuma. Ta ce muryar yarinya a ruwa ta faɗi, kuma a ruwa za a ɗauko ta. Za a sa ta a jirgi, a kai ta daidai inda ya kife, a danna kanta cikin ruwa har sai ta yi ihu. Wai haka aka saba a danginsu.

Ka daɗe da sanin ba na zuwa wanki bakin kogi, kuma ba ka taɓa matsa mini da tambaya ba, Allah ya saka maka. Yau zan faɗa. Abin da ka sani shi ne ruwa ya ci innata ina ƙarama. Abin da ba ka sani ba, ina cikin jirgin, riƙe da bakin zanenta. Ni ma bakina ya rufe, ni ma an mayar da ni ruwan. Har yau ina jin hannun mutumin da ya danna ni a ƙeyata. Ban yi ihu ba, Malam. Na dai koyi cewa hannun manya ma yana iya zama kogi. Damina biyu ta wuce ban yi magana ba.

A makarantar allo na warke, wurin wata gwaggo da ba ta taɓa ce mini in yi magana ba. Tana zaunar da ni cikin yara, suna karatu da ƙarfi, har wata rana na ji muryata cikin tasu, inda ba mai gane ta. Tsoron ruwa kuwa ni na riƙa lallashin kaina, daga tsoma hannu a ƙwarya har na iya watsa ruwa a ka ba tare da jikina ya ɗauki rawa ba. Nan na tsaya.

Ina neman izininka in shiga maganar nan. Ka amsa da motar da ta fara tasowa.

Matarka,
Zalika

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga Malam Siddo, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiyarka, ina gajiyar kasuwa?

Na aika a duba wurin duwan, inda ake binciken kaya a kan iyaka, motocin can wurinku Dahomai sun shigo, ba takardarka. Na san ba laifinka ba ne.

Na shiga wurin Iya Ajuma, tun da katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na durƙusa na gaishe ta, na roƙe ta a ba yarinya lokaci. Ta ce ashe malamar da ko tulu ba ta iya cikawa a kogi ita za ta koya mata sha'anin ruwa. Ta ce in allona yana buɗe baki, me na ke jira? Ban ji zafinta ba. Matar nan ba ta cin abinci, tsoro take jikarta ta tashi bebiya. Na yi wa Alfari, ƙanen Jibo, magana ta bayan labule, ya ce shi dai kada a haɗa shi da tsohuwa.

Ladi tana yini wurina. Tana zama cikin yara, allonta a cinya. Jiya na ga leɓenta yana motsi a Ƙulhuwallahu, ko kuwa idona ne ke so ya gani, Allah ne masani. In aka zuba ruwa a randa sai ta toshe kunne.

Gobe Alhamis da hantsi za su kai ta, an riga an yi magana da Rabo Basarke, masuncin nan mai jirgi. Malam, tun da ka aure ni ban taɓa ƙetare ƙofar gida ba tare da saninka ba. Gobe zan fita. Na juya abin ta kowace fuska, na ga gara in nemi gafararka da in zauna ina jin abin da ake yi mata. Me zan yi in na isa, wallahi ban sani ba.

Ka sa mu a addu'a.
Zalika

Gaya, ranar Asabar

Zuwa ga maigidana, gaisuwa da bege. Allah ya sa kana lafiya.

Na fita. Na iske su a mashigar kogi, mata masu wanki sun bar wankinsu sun kewaye. Ladi ta sandare kamar itace, Alfari yana ɗauke da ita. Ka san muryata ba ta da nisa, amma na faɗi abin da aka yi mini, duka, gaban kowa. Iya Ajuma ta ce ai ga ni ina magana, ashe magani ya ci. Wasu suka yi dariya.

Sai na juya ga Rabo, na tambaye shi tsakaninsa da Allah, ruwan wurin ake bukata ko wahalar yarinyar? Ya ce shi a saninsa ruwan ne. Iya ta ce to wa zai ɗebo, tun da dole mace ce, kuma ba macen da ke son kusantar wurin? Ta kafe ni da ido. Na karɓi ƙwarya.

Ban san yadda na shiga ba. Na zauna a cikin jirgi, ruwa ya jiƙa mini zane. Rabo ya ce in kalli bayansa kawai. Da muka isa sai hannuna ya ƙi miƙewa. Bai taɓa ni ba, bai gaggauta ni ba, ya riƙe jirgin da sanda har na ce bismillahi na ɗebo. Rabin ruwan ya zube a hanya.

Abu ɗaya ban yi tunani ba: Ladi tana kallon wata macen kuma ta tafi kan ruwa, kamar yadda uwarta ta tafi. Da muka komo na same ta ta kuɓuce wa Alfari, tana tsaye a laka, hawaye na zuba, irin waɗanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Ta riƙe ni har farcenta ya shiga. Na ajiye ƙwaryar a gabanta, na ce ba mai zuba mata. Can ta tsoma yatsa biyu ta shafa a goshi. Iya Ajuma ta juya baya, ta ce a tafi gida, rana ta yi.

Magana dai har yanzu babu. Amma jiya Iya da kanta ta kawo zannuwan yarinyar ta ajiye a ƙofata, ta ce tun da na iya taurin kai sai in ƙarasa. In ka yarda, Ladi za ta zauna wurinmu har ubanta ya dawo.

Yau kuma wata mai tallan kifi daga Bengu, wadda ta ji ni a mashiga, ta yi sallama. Ba ta sayar da kome ba. Ta zauna bayan yara, can ta ce ita ma tana da abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko za ta iya dawowa da ƙanwarta? Na ce ƙofa a buɗe take.

Ka yafe mini fitar. In za ka taso, ka taho mana da babbar tabarma, ta gidan ta yi mana kaɗan.

Taka har kullum,
Zalika