Bas ɗin Jami'a a Bakin Lungun Alhaji

Assalamu alaikum Anti Bahijja. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Kwanan nan ko salla na tayar sai in rasa raka'a nawa na yi. Na gaji, Anti, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ni 'yar unguwar Sheshe ce, nan aka haife ni, nan nake zaune da maigidana da yaranmu. Ina aiki a wata jami'a da ba zan faɗi sunanta ba, a ofishin da ke nemo wa makarantar tallafi daga masu hali. Ni aka ba ɓangaren manyan attajirai, aka kuma haɗa min da shirin jawo ɗaliban da ba kasafai suke samun shiga jami'a ba, wato kurame da makafi da masu keken guragu da 'ya'yan makiyaya. A takarda aikin yana da suna mai daɗin ji. A zahiri kuwa zaman jira ne. Ki je biki, ki je suna, ki je gaisuwar mutuwar wanda ba ki taɓa gani ba, ki yi ta murmushi har kumatunki su yi tsami, duk don wata rana mai gidan ya saurare ki. Gwaggo Indo, ƙanwar mahaifina, takan ce gidanmu gidan malamai ne, ba a taɓa yin roƙo a cikinsa ba sai da na yi digiri biyu. Ina dariya idan ta faɗa, amma maganar tana ci na.

Akwai wani dattijo a unguwar Kabara, tsohon ɗan kasuwar fata, aminin marigayi mahaifina. Bari in kira shi Alhaji Hambali, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ni Baba nake ce masa. Shekaru na yi ina zuwa gaishe shi, in fara shiga wurin Hajiya matarsa, sannan in durƙusa a falonsa. Ban taɓa buɗe baki na ce ya ba da komai ba, don na san halinsa, idan aka tambaya ba ya bayarwa. Labarin ɗalibanmu kawai nake ba shi. Wata rana na ba shi labarin Zubaida, yarinyar da ke karatun lauya a kan keken guragu, wadda ƙawayenta ke ɗaukarta kamar buhu su hau da ita bene kullum saboda ɗakin kwananta a sama yake.

Ranar ce ya gaya min abin da na tabbata bai taɓa gaya wa kowa ba. Yana da 'ya mai suna Habiba, kurma ce, ta rasu tana budurwa. Ya ce duk cikin 'ya'yansa babu mai kaifin basirarta, amma ya ƙi kai ta makarantar kurame, don kar a riƙa nuna ta a lungu ana cewa ga 'yar Alhaji. Ya ajiye ta a gida har Allah ya karɓi abarsa. Dattijon nan da duk unguwa ke shakka, a gabana ya share hawaye da hannun rigarsa. Sannan ya ce zai gina wa ɗalibanmu masu naƙasa ɗakunan kwana a ƙasa, babu matakala ko ɗaya, ƙofofi masu faɗi, kuma zai ɗauki nauyin masu fassara lacca da hannu. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada kowa ya ji sunansa, ko da 'ya'yan cikinsa ne. Sadaka ce tsakaninsa da Ubangijinsa.

To amma jami'a ba ta karɓar kuɗi masu yawa haka sai ta san daga ina suka fito, don haka dole na gaya wa daraktanmu, Dakta Mikail. Shi kuma nan take ya fara zancen a sa sunan Alhaji a jikin ginin, don haka aka saba, kuma haka aka koya mana a duk bitar da muka je. Na ce ba zai yiwu ba, ya ƙi ganewa. Don ya gane ɗin, sai na ba shi labarin Habiba. Da ya ji, ya yi alkawari ba za a sa suna ba.

Aiki ya kankama, gini ya kai linta. Sai ɗana ya kwanta asibiti, na ɗauki hutu. Ina can ina jinya Darakta ya ga bai dace a ce mutum ya yi mana wannan alheri ba a je an yi masa godiya ba. Ya haɗa tawaga yadda ofis ya saba yi wa kowane mai bayarwa. Suka shiga doguwar bas mai sunan jami'a ɓaro-ɓaro a jikinta, ta kasa shiga lungun Alhaji, aka ajiye ta a baki ta tare hanya. Suka jero a ƙafa da manyan riguna, da mai ɗaukar hoto, da allon yabo a hannu, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da zauren Alhaji yake cike maƙil. Anti, kin san cikin gari. Kafin su zauna labari ya kai Gwale. Darakta ya miƙe ya yi jawabi, ya yabi Alhaji, ya yi wa Habiba addu'a da sunanta, har ya ce ginin nan zai wanke nadamar uba. A gaban 'ya'yansa da surukansa da maƙwabta.

An ce min Alhaji bai nuna komai ba. Ya sa aka kawo musu lemo da goro, ya rako su har bakin ƙofa. Tun daga ranar bai sake ɗaga wayata ba. Idan na je sai Hajiya ta ce ya kwanta, alhali ga takalmansa da na baƙi a ƙofar falo. Na ji dangi na nesa da na kusa sun yi masa caa, kowa da buƙatarsa, 'ya'yansa kuma suna ta gunaguni. Sauran kuɗin ginin ba su zo ba, ɗan kwangila ya kwashe ma'aikatansa, ga damina ta kusa.

Yanzu Darakta ya zo da wata dabara. Ya ce tunda magana ta riga ta fita, mu sanar a rediyo da jarida cewa Alhaji Hambali ne ke gina mana ɗakunan, kunya ba za ta bar shi ya janye ba, kuma sa'o'insa na kasuwa idan suka ji za su so su ma a ji nasu. Ni ya ce in rubuta sanarwar. Ya kuma tuna min, cikin dariya, cewa an kusa duba sabunta kwantiraginmu.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne na san dabarar za ta yi aiki. Na san Baba, ba zai yarda a ce ya fara abu ya bari ba. Idan na rubuta, Zubaida da 'yan uwanta za su samu ɗaki a ƙasa. Idan na ƙi, wataƙila ginin ya tsaya a haka ciyawa ta cinye shi. Jiya na ga ana sauko da ita daga bene, ɗankwalinta ya zame, tana ta ba masu ɗaukarta haƙuri. Na shiga banɗakin ofis na yi kuka. Wani lokacin sai in ji kamar in ajiye aikin in koma koyarwa a firamare, inda ba sai na durƙusa wa kowa ba. Me zan yi, Anti?

Taki,
Wadda ta gaji, daga Sheshe

*

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da fama, Allah ya ƙara wa yaro lafiya.

Amsata a taƙaice ita ce kada ki rubuta sanarwar nan. Amma bari mu yi wa Daraktanki adalci tukuna, don ba mugu ba ne. Gaskiyarsa ce jami'a ta san inda kuɗi suka fito. Gaskiyarsa ce kuma attajiranmu suna kallon juna, idan wane ya bayar wane ma zai motsa. Kuma damuwarsa da taki ɗaya ce, ya ga yaran nan sun huta. Inda ya kauce shi ne ya ɗauka duk masu bayarwa halinsu ɗaya. Akwai mai son a kira sunansa a lasifika, wannan ba laifi ba ne, a kira. Akwai kuma wanda idan aka gode masa a bainar jama'a ji yake an zubar masa da ladan. Cikin garin nan irin na biyun suna da yawa, kuma su ne suka fi bayarwa da yawa.

Kin ce dabarar za ta yi aiki. Ni ma na yarda. Zai ƙarasa ginin, ya yi muku murmushi a ranar buɗewa, daga nan ba ku ba shi har abada. Masu fassara lacca kuwa ba gini ba ne da za a yi sau ɗaya a gama, albashi ne duk wata, kuma kunya ba ta biyan albashi shekara da shekaru. Sannan dattawan da ke zama da shi a sahun gaba a masallaci za su san yadda aka yi. Duk gidan da kika yi shekaru kina shiga za a ci gaba da amsa gaisuwarki da fara'a, a kawo miki ruwa, amma ba wanda zai sake gaya miki abin da ke ransa. Wannan hujjar za ki kai wa Darakta, cikin ladabi kuma a rubuce, don ita ce irin maganar da ofis ke ji: sanarwar za ta kawo rufi ɗaya ta rufe ƙofofi da yawa. Ki nemi wani babba a jami'ar, haifaffen cikin gari, ya tsaya miki a kai. Ba na tsammanin za a kori wadda ta kawo irin wannan kyauta, amma ko da kwantiragin zai girgiza, ba zan canja shawarata ba.

Zancen Zubaida kuma, kada ki jingina shi ga ginin kaɗai. Gobe ki je wurin mai kula da harkokin ɗalibai a yi musanyar ɗaki, wata mai ƙafa ta hau sama, ita ta sauko. Wannan ba ya buƙatar attajiri, naci kawai yake buƙata, kuma kin iya naci. Ginin kuma a rufe shi da leda kafin ruwa ya sauka, ki fara tuntuɓar masu ƙaramin ƙarfi da tsofaffin ɗalibai. Ba zai yi sauri ba, amma zai rage miki jin cewa komai a wuyanki yake.

Ajiye aiki ba yanzu ba. Kin fito daga jinya kin faɗa wannan, duk hukuncin da kika yanke a wannan hali na gajiya ne. Ki samu hutun ko da mako guda, ki kashe wayar ofis. Gwaggo kuma ki bar ta ta yi tsokanarta. Mai roƙo kansa yake nema wa, ke ko kwabo ba ya shiga jakarki.

Saura magana ɗaya, kuma za ta yi miki ɗaci. Duk wasiƙarki bas kike zargi, da mai hoto, da jawabin Darakta. Ni a ganina Alhaji ba da su yake fushi ba. Su baƙi ne, ba su san shi ba, shi ya sa ya ba su goro ya sallame su lafiya. Sunansa dole ne ki faɗa, doka ce, kuma dattijo irinsa ya san haka. Labarin Habiba kuwa ba dole ba ne. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa, don ki kare masa sirrinsa. Amma mutum ɗaya ya gaya wa a duniya, sai ga shi yana jin sa daga bakin baƙo a tsakiyar zaurensa. Ba ma'aikaciyar jami'a ya gaya wa ba, 'yar amininsa ya gaya wa.

Don haka ki koma, amma ba ranar Juma'a ba, kuma ba da jakar ofis ba. Ki tafi a ƙafa da safe, ke da maigidanki ko wani dattijon gidanku. Idan Hajiya ta ce ya kwanta, ki ce za ki jira, ki zauna ki taya ta aiki. Idan ya fito, kada ki ambaci gini, kada ki ambaci damina, kada ma ki ambaci Zubaida, don zai ji kamar da ita kike matsa masa. Kada ki ɗora wa Darakta laifi. Ki ce masa ya ba ki amanar 'yarsa kin kasa riƙewa, ya yafe miki. Daga nan ki yi shiru. Wataƙila ya ƙarasa ginin, wataƙila ba zai ƙarasa ba, ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Amma ki je kina sane cewa ko sisi bai ƙara ba, wannan ban haƙurin haƙƙinsa ne.

Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya jiƙan Habiba da mahaifinki, ke kuma ya ba ki ƙarfin gwiwar zuwa da haƙurin zama har ya fito.

Anti Bahijja