Igiyar da Ban Cafe Ba

Zuwa ga Ismay, hasken safiyata, sanyin idona, mai shuɗin kwalekwale, wadda ƙamshin burodinta ke riga ta isowa. Ya ke iskar da ke cika ƙyallen jirgina, ruwan daɗin da nake marmari a tsakiyar ruwan gishiri, ina gaishe ki, in har gaisuwata tana da sauran daraja a wurinki.

Daga mashigin Bequia nake rubuto miki, a zaune a goshin jirgi, baƙi sun sauka yawo cikin gari. Ba mai kallona, amma na kasa ɗaga kai. Kunya nake ji, Ismay.

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Sabon shiga nake a aikin jirgin nan mai yawo da baƙi tsibiri zuwa tsibiri, an ba ni farar riga ina ta ɗagawa. Mun saki anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a gaban tsibirin Mayreau ke nan sai ga ki kin tuƙo, kwandon burodi a gabanki, kika wurgo igiya ta same ni a hanci. Maimakon ki ba ni haƙuri sai kika ce wai wane irin ɗan teku ne wannan mai cafe igiya da fuska. Wayyo, dariyar nan taki! Tun daga ranar igiyarki ba ta sake taɓa ruwa ba. Ko ina saman itacen jirgi na hango shuɗin kwalekwale, sai na sulalo na tsaya da hannu a buɗe. Kowa a tekun nan ya san abin da ake nufi: wanda aka cafe igiyarsa an yi maraba da shi, wanda aka bari tasa ta faɗa ruwa an ce ya ƙara gaba.

To, ranar Lahadi na bari taki ta faɗa ruwa.

Ba zan ce ban gan ki ba, na gan ki tun kina nesa. Baƙin sun zauna cin abincin rana, farin zane a tebur, wata mata mai faffaɗar hula tana yaba yadda nake zuba abin sha, tana cewa ban yi kama da mutanen tsibiran nan ba. Ni kuma, wawa, kaina ya kumbura. Sai ga ki da tsohuwar rigar mahaifinki, gari a goshi, gumi a wuya, kina kiran sunana na gida da ƙarfi, kina ɗaga burodin kwakwar da kike gasa mini ni kaɗai. Kika wurgo igiya. Hannuna yana riƙe da tulun gilashi, ina iya ajiye shi, ban ajiye ba. Na ji faɗuwarta a ruwa, har yanzu ina ji. Igiyar ruwa ta turo kwalekwalenki ya gogi jirgi, ni kuma na ruga na sako matasan robar nan masu kare jikin jirgi tsakaninmu, na ce miki ki kula da fenti. Da bakin nan nawa na faɗa, bakin da ya yi miki alkawarin aure a ƙarƙashin itacen almond na bayan cocinku.

Matar ta tambaye ni ko na san ki. Na ce, "Masu talla ne, haka suke."

Kin ji, na san kin ji. Da kin zage ni, da kin jefe ni da burodin, da na samu sauƙi. Sai kawai kika janye igiyarki, kika naɗe ta a hankali tana ɗigar ruwa a ƙafarki, kika ɗora burodin a gefen jirgi kika ce, "Ga saƙonka, yallaɓai." Yallaɓai! Ke da kike kirana Mai Hanci tun ranar farko.

Tanti Eudine, mai dafa mana abinci, tana leƙe ta tagar kicin. Ta jira sai da baƙi suka tashi. Sannan ta ce ta san uwata tana tallan kifi a kan titin Clifton da tire a ka, da shi aka yi mini takalmin makaranta, ko ita ma haka take? Tun ranar a kwanon kare take zuba mini abinci, ba da wasa ba, kuma ina karɓa ina ci, don ban ga abin musu ba.

Me na sayar da ke a kansa, ya farin watana? Murmushin matar da ta sauka a Canouan ba ta ko riƙe sunana ba? Wa ya tuƙo cikin ruwan sama ya kawo mini shayin ganye lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a wannan jirgin? Wa ya ɗinke mini farar rigar nan da ta yage, rigar da na tsaya a cikinta ina jin kunyarki? Tsibiran da muke bi suna nan yadda kika san su, ruwa garau har ana ganin kunkuru yana kiwo a ƙasa, baƙi suna ta ihun murna, ni kuwa ko'ina muka tsaya shuɗin kwalekwale nake nema. Na ga ja, na ga kore, igiyoyi suna ta zuwa ina cafewa, kowacce na cafe sai ta tuna mini wadda na bari.

Kwalekwalenki ya bar shuɗin zane a farin jikin jirgi, tsawon hannu. Kyaftin ya ce in goge. Na sauka da tsumma na zauna ina kallonsa, na hau ban goge ba. Ya sake faɗa, na ce masa na matar da zan aura ne, in tana so na har yanzu. Ya dube ni ya ce to ai sai in tambaye ta, amma fenti dai fentinsa ne. Burodin kuma yana cikin akwatina ya bushe, na kasa ci, na kasa yarwa.

Ban roƙe ki ki manta ba, Ismay. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Alhamis za mu saki anka a gaban Mayreau da sababbin baƙi, kuma daidai lokacin cin abinci ne. Ki zo da rigar mahaifinki, da garin a goshi, ki kira ni da sunan da kika ga dama. Zan ajiye duk abin da ke hannuna, ko ya fashe, in gaya wa duk wanda ke teburin ko ke wace ce. Matasan robar na kwance su na kulle a ɗakin kaya, ki gogi jirgin yadda kike so. In kuma kika wuce mu zuwa wani jirgi, ba zan ga laifinki ba, zan tsaya a wurin da hannu a buɗe har ki ɓace mini, in sake tsayawa mako mai zuwa.

Ki wurgo ta, ko a hanci ne.

Naki, muddin teku na da gishiri,
Selwyn