Kaskar da Baraka ta Manna Mini

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

'Yata Baraka ta zo daga Kazaure ta manna mini abin a bayan damtsen hagu. Fari ne, faɗinsa kamar tsohon kwabo. Yayanta Jamaluddeen ne ya aiko da shi daga Abuja. Yana auna sugan jinina koyaushe, ya aika wa wayata, wayata ta aika wa tata, muddin akwai sabis. Idan suga ya faɗi, duk wayoyin biyu su yi ƙara. Kwana goma sha huɗu yake yi a canza.

Ta ce, "Baba, an huta da huda yatsa."

Na ce alhamdu lillahi. Sai da ta tafi na zauna ina tunanin wa ya huta.

Litinin, 7 ga Oktoba

Ba ta zo ba. Tun rasuwar Inno, mahaifiyarta, duk Litinin da Laraba da Asabar in ta tashi daga koyarwa takan hau mota zuwa nan Roni, ta huda mini yatsa, ta yi mini faɗa a kan goro, ta share ɗaki. Yau saƙon lambar suga kawai: "128. Ya yi kyau, Baba."

Na fi shekara talatin ina ba yara maki. Yanzu ni ake ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

A majalisa gindin darbejiya na ɗaga hannun riga suka gani. Maikasuwa ya taɓa shi da yatsa ya ce, "Hedimasta, kaska ce wannan, sai dai ta Bature." Aka yi dariya. Sunan ya bi shi.

Duk sha'awarta suke yi. Ni kuwa gidan Maikasuwa nake kallo. Ciwonmu ɗaya da shi, amma shi har yanzu tsohuwar na'ura yake amfani da ita. Kowace safiya 'yarsa Rahamatu takan taso daga gidan mijinta, ta durƙusa a zaure, ta riƙe hannunsa ta huda. Ta nan nake bi in zan sayo ƙosai. Yau na ji tana ce masa, "Baba, miƙo na tsakiya, wannan ya gaji." Shi kuma yana ta ƙorafi kamar ana yanka shi.

Mutumin da muka shiga elementare tare ya gudu daga aji huɗu ya bi cinikin gyaɗa. Ko lambar da ke kan na'urar sai an karanta masa. Shi ake riƙe wa hannu.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Wajen sha biyu kaska ta yi kuka. Na makara ban karya ba, na kuwa sha magani. 66. Kafin in kai dabino baki wayar ta ɗauki ƙara. Baraka ce. Ta tsaya a waya har lambar ta hau. Ta tambayi ƙafata, ta tambayi ko an girbe geron gonar bayan gari. Minti goma sha bakwai. Na duba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Saƙo. 134.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na tashi da azumi. Na daɗe ban yi na Litinin da Alhamis ba, tun da likita ya hana. Na ce wa kaina lada nake nema.

Kafin azahar kaska ta yi kuka, Baraka ta kira. Na karya da dabino uku. Ban faɗa mata azumi nake ba, na ce abincin ne bai yi mini daɗi ba. Ta ce za ta aiko da miyar kuka irin ta Inno.

Ta aiko. Ba ta kawo ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ranar canji. Ta ciro tsohuwar ta manna sabuwa a hannun dama, ko minti biyar ba a yi ba. Hannunta da sanyi. Ta ce, "Baba, layinka a waya yana ta faɗuwa kwanan nan." Layina. Ba ni ba. Na ce ta tambayi kaskar, ai ta fi ni sanin jikina. Ta dube ni, sannan ta ce jarrabawar yara ta matso, sai ta koma.

Da la'asar na ga Rahamatu ta kai wa ubanta fura marar suga. Sau biyu ke nan a rana ɗaya. Wai me ya fi ni da shi?

Juma'a, 25 ga Oktoba

Jiya ban iya riƙe biro ba. Bari in rubuta yadda aka yi, ba ragi.

Lauwali, ɗan ajinmu na ƙarshe da ya rage ban da ni da Maikasuwa, ya rasu a Babura. Muka shirya zuwa gaisuwa mu biyu. Alhamis ce, na tashi da azumi. Matafiyi, mai ciwo, ɗan shekara saba'in da shida. Ko na farilla an ɗauke mini, balle nafila. Na sani. Na koyar da wannan.

A tashar Kazaure muka canza mota. Gidan Baraka bai fi tafiyar minti biyar ba daga nan. Ban gaya mata zan yi tafiya ba. Na ce a raina, in kaska ta yi kuka ai za ta neme ni.

Kaskar ta yi kukan muna tsakiyar hanya, gonakin dawa hagu da dama. 61, kibiyar da ke kan wayar na kallon ƙasa. Dabino na aljihuna. Ban ci ba, na riƙe wayar ina jiran kira. Shiru. Ban lura babu sabis a wurin ba. Abin da na ɗauka shi ne ta gani ta share. Na ji wani ɗaci ya taso mini, na ce to bari mu ga har ina za ta bari.

54. Zufa ta jiƙa mini riga, maganar mutanen cikin motar ta koma nesa. Abin da na tuna shi ne Maikasuwa na dukan ƙofa yana ce wa direba ya tsaya, sai bakin kwalbar lemo a haƙorana. Na kawar da kai na ce azumi nake.

Ya ce, "Azumin wa? Sha, Mamuda, kafin in zuba maka ta hanci."

Rabon da ya kira sunana tun muna yara. Na sha.

Da muka zauna gindin wata tsamiya hankalina ya dawo, ya ce, "Na ga yadda ka riƙe wayar nan. Ba Allah kake jira ya amsa ba." Na sa wayar a aljihu. Sai ya buɗe mini tafin hannunsa. Kan yatsun duk baƙaƙen ɗigo, sun yi kanta. Ya ce ko carbi ba ya jin 'ya'yansa yanzu. Ya ce, "Da zan samu kaskarka da na sallami yarinyar nan ta huta. Goyo gare ta."

Ban so jin haka ba. Har yanzu ban so ba.

Muna shiga Babura sabis ya dawo. Kira goma sha uku. Ashe lambar ta ɗauke a wayarta tana kan 70 tana sauka, daga nan ba ta ƙara ganin komai ba. Ta bar yara a aji, ta hau ɗan acaɓa har Roni, ta tarar da gidana a kulle. Maƙwabta ne suka ce mata na tafi gaisuwa.

A tashar Kazaure muka same ta da yamma, mayafinta duk ƙura. Ta durƙusa ta gaida Maikasuwa, ta yi mana gaisuwar Lauwali. Ni kuwa cewa ta yi, "Baba, ko alli na riƙe ina duba wayar nan. Yaran ajina sun san lambarka. Da na ga ta ɗauke na zaci..." Ba ta ƙarasa ba.

Maikasuwa bai tona ni ba. Ya ce rana ce ta buge ni.

Asabar, 26 ga Oktoba

Istigfari. Azumi biyu, ba ko ɗaya da na yi don Wanda ake yi dominsa.

Litinin, 28 ga Oktoba

Na sha koko ƙarfe bakwai, na sha magani. Layi ya miƙe sumul har la'asar. Ba kuka, ba kira.

Na bi ta ƙofar Maikasuwa, Rahamatu na durƙushe da goyonta. Abin ya ɗan sosa ni, ba zan yi ƙarya ba. Amma na tsaya mun gaisa, har na karanta musu lambar.

Bayan la'asar na daɗe da wayar a hannu. A gidanmu ɗa ke neman uba, haka na taso. Amma cajar wayar nan ta fara ba ni wahala, kuma dole a tambayi wani. Na danna sunanta.

Ta ɗauka da sauri. "Baba, lafiya? Ai 119 nake gani."

Na ce lafiya lau.

Sai na ji ta ja kujera ta zauna.

Minti ashirin da shida. Maganar cajar kuwa na manta ban yi ba. Sai gobe in sake kira.